Charles Huggins: Likitan da Karnuka Suka Nuna wa Lagon Sankarar Furostet

Idan kana da uba ko kawu da aka gano yana da sankarar furostet wadda ta riga ta shiga ƙashi, da wuya likita bai ba ku zaɓi biyu ba: ko allurar da ake yi duk wata ko duk bayan wata uku, ko kuma ƙaramar tiyata ta cire 'ya'yan maraina. Iyalai da yawa sukan yi turus idan suka ji na biyun. Ciwo yana cikin ƙashin baya, me ya kai likita ga maraina? Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin wani likitan tiyata ɗan asalin Kanada mai suna Charles Brenton Huggins, wanda ya yi kusan duk aikinsa a Jami'ar Chicago da ke Amurka.

Kafin mu shiga tarihin nasa, bari mu gyara wani abu. A rediyo za ka ji ana cewa sankarar mafitsara alhali furostet ake nufi. Mafitsara jakar fitsari ce. Furostet kuwa wani ƙullin nama ne kamar ƙaramin goro, maza ne kaɗai ke da shi, yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye bututun da fitsari ke bi. Aikinsa samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Sankarar mafitsara daban, ta furostet daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

An haifi Huggins ranar 22 ga Satumba, 1901, a birnin Halifax da ke lardin Nova Scotia. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne. Ya gama digirin farko a Jami'ar Acadia a 1920, ya sami shaidar likita daga Harvard a 1924, sannan ya koyi tiyata a Jami'ar Michigan a hannun Frederick Coller. A can ya haɗu da wata ma'aikaciyar jinya, Margaret Wellman, suka yi aure a 1927. A wannan shekarar ce Jami'ar Chicago ta buɗe sabon asibitinta na koyarwa, shugaban sashen tiyata Dallas Phemister ya ɗauke shi aiki.

Burinsa ya zama likitan tiyata na gama-gari. Sai Phemister ya danƙa masa fannin mafitsara da hanyoyin fitsari, fannin da bai sami horo a kansa ba, don kawai babu wanda zai riƙe shi. Ya nemi babban littafin fannin ya duƙufa a kansa har ya iya. Shekarunsa na farko a ɗakin bincike ma ba a kan furostet ya yi su ba, a kan ƙashi ne. Ya lura cewa idan aka yanko fatar cikin mafitsarar kare aka dasa a jikin tantanin naman cikinsa, sai ƙashi ya tsiro a wurin. Abin ya ɗaure masa kai, ya sa ya je Landan a 1930 wurin Robert Robison a Cibiyar Lister, ya koyi yadda ake auna wasu sinadaran jiki da ake kira fosfates. A lokacin babu wanda zai ce wannan ilimi zai yi amfani a kan sankara. Bayan shekara goma sai ga shi ya zama ma'auninsa.

Labarin karnukan ya fara ne a ƙarshen shekarun 1930. Huggins yana son sanin abin da ke cikin ruwan furostet da abin da ke sa a samar da shi. Matsalar ita ce ruwan yana fitowa gauraye da fitsari. Sai ya ƙirƙiro wata tiyata: ya raba mafitsarar kare da furostet ɗinsa, ya fitar wa fitsari hanya ta ciki da bututu, ya bar tsohuwar hanyar ga ruwan furostet shi kaɗai. Da an yi wa karen allurar filokafin sai ruwan ya zubo, a tara a auna. Ya yi ta wannan awo, kare bayan kare, mako bayan mako. Aka buga sakamakon farko a 1939.

Ga abin da ya gani. Idan aka fiɗiye kare, ruwan yakan ƙafe, furostet ɗin ya motse. Idan aka yi masa allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta da maraina ke samarwa, sai furostet ya farfaɗo, ruwa ya dawo. Idan kuma aka ba karen da ba a fiɗiye ba sinadarin mata, istirojin, sai sakamakon ya zama kamar an fiɗiye shi. Ɓangaren farko ba sabon abu ba ne, domin John Hunter na Landan ya rubuta tun 1786 cewa furostet ɗin dabbar da aka fiɗiye yakan ƙanƙance. Abin da Huggins ya ƙara shi ne awo, da kuma nuna cewa ana iya kunna abin a kashe shi yadda aka so.

Wasu daga cikin karnukan da ake kawo masa tsofaffi ne. Kare yana cikin dabbobi ƙalilan da furostet ɗinsu ke kumbura da tsufa kamar na ɗan Adam. Da farko waɗannan tsofaffin karnuka ɓata masa lissafi suke yi. Daga baya ya lura cewa kumburin nasu ma yana sacewa idan aka fiɗiye su ko aka ba su istirojin. Nan tambayar ta taso: in kumburi yana jin maganar sinadari, ita sankarar fa?

Sai ka san yadda likitocin wancan zamani suke kallon sankara kafin ka gane nauyin tambayar. An ɗauka cewa ƙwayar sel da ta rikiɗe ta zama sankara ta fita daga ikon jiki gaba ɗaya, ba ta jin umarnin kowa. Magani biyu ne kawai: a yanke, ko a ƙona da haske. In ta bazu, sai a ba da maganin rage raɗaɗi a jira ajali. Wani likita a Glasgow, George Beatson, ya taɓa cire wa mata masu sankarar mama ƙwan haihuwa a 1896 ya ga wasu sun sami sauƙi, amma ba a fahimci dalili ba, aka yi watsi da abin. Tunanin Huggins shi ne, ƙwayar sankarar furostet 'yar furostet ce, ta yiwu ta gaji dogaron uwarta a kan testosteron.

Yana buƙatar hanyar da zai tabbatar da hakan ba tare da dogaro da cewar mara lafiya ya ji sauƙi ba. A nan karatun Landan ya yi rana. Wasu ma'aurata masu bincike a New York, Alexander da Ethel Gutman, sun riga sun nuna cewa wani nau'in fosfates da furostet ke samarwa yana hauhawa a jinin mazan da sankararsu ta shiga ƙashi. Ke nan ga lamba da za a iya dubawa a jini kullum.

A 1941 Huggins da Clarence Hodges, wanda a lokacin da suka fara aikin ɗalibin likita ne, suka buga rahotonsu a mujallar Cancer Research, a shekararta ta farko. Mazan da aka cire wa maraina ko aka ba istirojin, fosfates ɗin jininsu ya faɗi. Da aka yi wa wasu allurar testosteron, ya tashi, wasu kuma ciwon ƙashinsu ya ƙaru. Wannan gwaji na ƙarshe ba abin da kwamitin ɗa'a zai amince da shi cikin sauƙi ba ne a yau, amma shi ne ya rufe hujjar, tunda an ga abin yana tafiya gaba da baya. Rahoto na biyu a wannan shekarar, tare da Roland Stevens, ya bayyana maza 21 da cutar ta yi nisa aka yi musu tiyatar. Mafi yawansu sun sami sauƙi. Mutanen da ke kwance ba sa iya juyi saboda ciwon ƙugu da baya suka tashi suka taka, cin abinci ya dawo, jini ya ƙaru, wasu cikin 'yan kwanaki. Huɗu daga cikin 21 ɗin sun rayu fiye da shekara 12.

Istirojin ɗin da ya yi amfani da shi kuwa, sitilbestirol, wani masanin Ingila Charles Dodds da abokan aikinsa ne suka haɗa shi a 1938. Ƙwaya ce mai arha da ake haɗiya. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa magani da ake sha zai iya danne sankarar da ta bazu a jiki. Duk wani maganin sankara da ke aiki ta hanyar toshe sinadarin jiki, har da tamoksifen da matanmu masu sankarar mama ke sha, daga wannan ƙofa ya shigo.

Huɗu daga cikin 21 na nufin saura ba su kai haka ba, kuma Huggins bai ɓoye wannan ba. A yawancin marasa lafiya cutar takan lafa na wani lokaci, sau da yawa shekara biyu ko uku, sannan ta dawo duk da babu maraina. Ya yi zargin wasu ƙananan ƙulle-ƙulle biyu da ke saman ƙoda, adirenal, domin su ma suna samar da ɗan sinadarin mazakuta. A 1945 shi da William Scott suka cire wa wasu marasa lafiya adirenal ɗin duka biyu. Abin bai yi kyau ba. Mutum ba ya rayuwa ba tare da sinadaran adirenal ba, kuma a lokacin ba a sami kotizon da za a maye gurbinsu da shi ba, don haka marasa lafiyan ba su daɗe ba. Da kotizon ya samu, ya koma kan tiyatar a farkon shekarun 1950, musamman ga mata masu sankarar mama da ta bazu, kuma wasunsu sun amfana. A ganina tiyatar 1945 ta yi gaggawa, kuma waɗanda aka yi wa ita ne suka biya. Amma zargin da ya yi wa adirenal gaskiya ne. Maganin abirateron, wanda aka amince da shi a 2011, yana toshe samar da sinadarin mazakuta a adirenal da cikin ita kanta sankarar, wato abin da ya so ya yi da wuƙa shekara 66 kafin nan.

Akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba. A 1949 ya fitar da wani gwajin jini da ya dogara da yadda furotin ɗin jini ke daskarewa idan aka ɗumama shi, yana fatan zai bambanta mai sankara da mara ita. Jaridu suka yi ta yayatawa. Da wasu suka gwada sai aka ga cututtuka da dama da ba sankara ba suna ba da sakamako iri ɗaya, gwajin ya mutu. Ka riƙe wannan labari, za mu buƙace shi idan muka zo kan gwaje-gwajen zamani.

A 1951 wani attajiri daga jihar Alabama, Ben May, ya ba da kuɗi aka kafa ɗakin binciken sankara mai sunansa a Chicago, Huggins ya shugabance shi har 1969. A nan ya gano cewa ba wa wani nau'in ɓera mace wani sinadari sau ɗaya tak yana haifar mata da sankarar mama cikin makonni, kuma sankarar tana jin sinadarin mata. Masu bincike a faɗin duniya sun yi shekaru suna gwada magunguna a kan wannan ɓera. Kuma a wannan ɗakin ne Elwood Jensen ya gano makarɓin istirojin a cikin sel, abin da ya sa yau ake gwada tsokar sankarar mama kafin a yanke shawarar ba da tamoksifen. Wani abokin aikin, Shutsung Liao, ya yi irin wannan aiki a ɓangaren maza, yana cikin waɗanda suka nuna a 1968 cewa furostet yana sarrafa testosteron zuwa wani nau'i mafi ƙarfi, kuma ɗakinsa na cikin waɗanda suka zaƙulo kundin halittar makarɓin androjin a 1988.

An ba Huggins lambar yabo ta Nobel a 1966, shekara 25 bayan rahotonsa. Ya raba ta da Peyton Rous, dattijo mai shekara 87, wanda ya nuna tun 1911 cewa ƙwayar bairos na iya haifar da sankara a jikin kaza.

Shekara guda bayan lambar, wani babban bincike a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna cewa sitilbestirol a yawan da ake bayarwa yana kashe mutane ta wata hanyar: daskarewar jini, bugun zuciya, shanyewar jiki. Aka fara ja da baya daga gare shi. A 1971 Andrew Schally ya gano tsarin sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa don a umarci maraina su yi aiki, kuma daga nan aka haɗa alluran da ake yi yau, irin su lufrolid da goserelin. Allurar tana kashe umarnin ne daga sama, maraina su daina samar da testosteron. Dabarar dai ta Huggins ce, hanya ce kawai ta canza.

Tambayar da ya bari ita ce ta dawowar cutar, kuma a nan maikro-RNA suka shigo. Yanzu mun san cewa sankarar da ta dawo ba ta daina son sinadarin mazakuta ba, dabarun samunsa ta koya. Wata takan ninka yawan makarɓan androjin ɗinta har ɗigo kaɗan ya ishe ta. Wata takan haɗa nata sinadarin. Wata kuma takan samar da guntun makarɓi da ke aiki ko babu sinadari. Abin da ke tsara yawan kowane furotin a cikin sel ya wuce kundin halitta kaɗai. Kundin, wato DNA, yana aika saƙo ta hannun RNA zuwa inda ake ƙera furotin. Maikro-RNA wasu 'yan guntaye ne masu tsawon haruffa kusan 22 da ba sa ƙera komai. Aikinsu su manne wa saƙon a hanya, su hana a karanta shi ko su sa a lalata shi. Guda ɗaya na iya rage muryar ɗaruruwan saƙonni.

Victor Ambros da Gary Ruvkun da abokan aikinsu ne suka gano na farko a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Huggins yana da shekara 92 a lokacin, kuma babu wanda ya haɗa abin da sankara. Sai a 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa biyu daga cikinsu, miR-15 da miR-16, sukan ɓace a wani nau'in sankarar jini. Daga baya aka ga suna raguwa a sankarar furostet ma. An ba Ambros da Ruvkun Nobel a 2024.

A furostet, wasu maikro-RNA birki ne, wasu totur. miR-34a birki ne: yana danne wani furotin mai suna CD44 da ke taimaka wa ƙwayoyin sankara bazuwa, kuma sau da yawa yana raguwa a sankarar da ta yi ƙarfi. miR-21 kuwa totur ne, kuma shi ya fi kusa da labarinmu. Makarɓin androjin ne ke kunna shi, kuma a gwajin da aka yi a kan ɓeraye, ƙwayoyin sankarar da aka ƙara wa miR-21 sun ci gaba da girma bayan an fiɗiye ɓeran. Wato ga ɗaya daga cikin hanyoyin da cutar ke bi ta kewaye tiyatar Huggins. A 2008 masu bincike a Seattle ƙarƙashin Muneesh Tewari suka nuna cewa maikro-RNA suna yawo a jini ba tare da sun lalace ba, kuma miR-141 ya fi yawa a jinin mazan da sankararsu ta bazu. Fatan da ake yi shi ne a sami gwajin da zai raba sankara mai haɗari da mai tafiyar hawainiya, abin da gwajin PSA, magajin fosfates ɗin Huggins, ba ya iya yi da kyau.

A nan ne gwajin 1949 yake da amfani. Sakamakon binciken maikro-RNA a jini yakan bambanta daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan, ya danganta da yadda aka ɗebi jinin da yadda aka auna. Ba su maye gurbin PSA, duba furostet da yatsa, hoto da ɗaukar tsoka ba. Maganin farko da aka haɗa don mayar da miR-34 cikin jikin masu sankara an dakatar da gwajinsa a 2016 bayan garkuwar jikin wasu ta yi mummunan martani har aka rasa rayuka. Don haka in wani ya tallata maka gwajin jini ko maganin maikro-RNA na furostet, ka tuntuɓi likitan fannin kafin ka ciro ko sisi.

A Najeriya sankarar furostet ce kan gaba a sankarar maza, kuma da yawa sai ta shiga ƙashi suke zuwa asibiti, wato daidai irin marasa lafiyan da Huggins ya gani a 1941. Shi ya sa zaɓin nan biyu ke ta maimaituwa a ɗakunan ganin likita. Gaskiyar da ya kamata iyali su sani ita ce allura da tiyata abu ɗaya suke yi wa jiki. Dukansu suna rage sha'awa da ƙarfin namiji, suna kawo zafin jiki da zufa kwatsam, ƙiba, da raunin ƙashi in an daɗe. Wanda ya guji tiyata don kare mazakutarsa ya zaɓi allura, bai kare ta ba. Bambancin shi ne allura tana da tsada kuma dole a ci gaba da ita, in aka tsallake saboda kuɗi sun yanke, testosteron ya dawo, cutar ta farka. Tiyatar sau ɗaya ake yi, yawanci da allurar kashe zafi a wurin kawai, kuma akwai salon da ake cire naman ciki a bar kwanson don kada jakar ta zama fanko. Amfanin allura shi ne ana iya dakatar da ita in likita ya ga dama, tiyata kuwa ba ta komawa. Ga magidancin da ba shi da tabbacin kuɗin allura na shekaru, ni na fi karkata ga tiyata, amma shawarar ta mai jiki ce. Kowanne aka zaɓa, a ci gaba da auna PSA kamar yadda likita ya tsara, domin tashinsa ne alamar farko ta dawowar cutar, kuma a nisanci duk wani maganin ƙarfin maza da ke ɗauke da testosteron.

Huggins ya riƙe muƙamin uban Jami'ar Acadia daga 1972 zuwa 1979, amma bai bar ɗakin bincikensa na Chicago ba, ya ci gaba da aiki da hannunsa har ya tsufa tukuf. Matarsa Margaret ta rasu a 1983. Ɗansu namiji, wanda shi ma likitan tiyata ne da ya yi suna a kan hanyar daskarar da jini don ajiya, ya riga mahaifinsa mutuwa. Huggins ya rasu a gidansa da ke Chicago ranar 12 ga Janairu, 1997, yana da shekara 95.